Takardar Saki ta Jabu: A Farga Tun Ƙofa Ba Ta Rufe Ba

Jama'a, akwai wata ɓarna da ke bin gidajenmu a hankali, kuma yawancin waɗanda take ci mata ne da ba su ji ba, ba su gani ba. Duk mai 'ya ko ƙanwa da ta taɓa aure ta fito, kuma yanzu ake shirin tafiyarta wata ƙasa wajen sabon miji, ya dakata ya saurara kafin ya miƙa wa kowa ko kwabo. Haka shi ma namijin da ya taɓa saki, yake son ɗaukar amaryarsa zuwa ƙasar da yake aiki ko karatu. Wasu mutane sun mayar da takardar saki haja. Suna nan a bakin kotuna, a shagunan buga takardu, har a WhatsApp, suna cewa kwana biyu ya ishe su su kawo takarda mai jan hatimi wadda kowane ofishin jakadanci zai karɓa. Ƙarya suke yi, kuma wanda ya saya shi ke biyan bashin ƙaryar shekara da shekaru.

Abin ya faru a ɗakinmu, shi ya sa na kasa yin shiru. 'Yar yayata ta yi aure tana yarinya, zaman bai yi tsawo ba. Ranar da mijin ya sallame ta, ya yago falle ɗaya daga littafin makaranta, ya rubuta layi biyu da shuɗin biro cewa ya sake ta saki ɗaya, ya sa hannu. Bai rubuta shekara ba, bai sa sunan shaida ko ɗaya ba. Ta ninke takardar, ta ƙulle a leda tare da katin asibitin ɗanta, ta tura ƙasan akwati. Ta yi iddarta a ɗakin mahaifiyarta, unguwa duka ta sani, bai yi kome ba. Bayan shekara shida Allah ya kawo wani mutumin kirki mai aiki a ƙasar waje, aka ɗaura aure. Da ya fara nema mata biza, sai aka ce ta kawo shaidar mutuwar aurenta na fari daga kotu.

Ta tafi kotun da niyyar tambaya. Tun kafin ta kai bakin ƙofa wani mutum mai jaka a hammata ya taso daga gindin dalbejiya ya tare ta.

"Hajiya, sannu da zuwa. Me ake nema?"

Ta nuna masa 'yar takardarta. Ya girgiza kai ya ce wannan Turawa ba su san ta ba, in kuma ta shiga ciki sai an nemo tsohon mijin, sai an ɗage zama sau uku ko huɗu. Shi kuwa yana da hanya, jibi ta dawo. Ta dawo, ya ba ta takarda mai kauri, da tambarin Babbar Kotu, da lambar shari'a, da sa hannun alƙali. Ta biya, ta yi godiya, har da addu'a.

Bayan wata biyar wayata ta yi ƙara da daddare. Da ƙyar na gane muryarta don kuka.

"Kawu, sun ce takardata ƙarya ce. Wallahi Kawu ka san ya sake ni."

Na sani, kowa ma ya sani. Sakin gaskiya ne, takardar ce ta ƙarya. Da aka bi lambar shari'ar da ke jikinta, sai aka tarar ta wata rigimar fili ce tsakanin mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba. Abin da ya fi ci mini rai, tsohon mijin yana nan da ransa a garin. Da muka same shi daga baya bai yi gardama ba, ya zo gaban alƙali ya amsa cewa ya sake ta, aka rubuta a zama ɗaya. Amma ina amfanin baɗi ba rai? An riga an rubuta a fayil ɗinta cewa ta gabatar da takardar jabu, kuma har yau tana gida, mijinta yana can.

Mu fara gane tushen matsalar. A shari'ar Musulunci saki yana aukuwa da furucin miji, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Wannan ba abin ja ba ne. Sai dai ma'aikacin da ke zaune bayan gilashi a ofishin jakadanci bai san mijin ba, bai san limamin da ya ɗaura auren ba, bai ga idda ba. Abin da kawai zai iya dubawa shi ne takardar da wata hukuma ta bayar, wadda in ya aika tambaya za a buɗe kundi a ce masa tana nan. Falle daga littafin makaranta, wasiƙar mai unguwa, takardar sulhu daga Hisba, saƙon waya mai cewa "na sake ki", dukansu hujjoji ne masu amfani da za a kai wa alƙali, kada a yar da su. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ke zaman hukuncin kotu. Haka ita ma takardar rantsuwa da ake yi a rajistar kotu: abin da take nunawa kawai shi ne mutum ya rantse a kan maganarsa, ba ta raba aure.

Abu na biyu, kowane aure da kotun da ke da hurumin raba shi. A Najeriya aure iri uku ne a idon doka. Auren Musulunci, kotun shari'ar Musulunci ce ke tabbatar da sakinsa ko ta yi hul'i, ko kuma kotun yanki a jihohin da ita ke wannan aiki. Auren gargajiya yana da kotun gargajiya. Sai auren rajista, wanda ake ɗaurawa ƙarƙashin Dokar Aure. Shi wannan Babbar Kotu kaɗai ke iya warware shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Kotun tana fara ba da hukuncin wucin gadi, sai bayan wata uku ya zama na dindindin, kuma takardar ƙarshen ce, mai ɗauke da kalmar absolut, ke nuna aure ya mutu. Wanda ya ɗauki ta farkon ya je ya yi sabon aure ya yi gaggawa.

A nan akwai tarkon da 'yan'uwanmu da yawa suka faɗa ba su sani ba. Za a ɗaura aure a masallaci, sai wani ya ba da shawara a je a ƙara na rajista don biza ta yi sauƙi. Ranar da zama ya ƙare, miji ya furta saki, kowa ya kama gabansa, an manta da waccan takardar. A wurin Allah aure ya ƙare, amma a kundin gwamnati suna nan mata da miji. Dokar Aure ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi auren rajista sannan ya ƙara wani na gargajiya alhali na farkon yana nan. Ita kuwa matar, duk ƙasar da ta je da sabon mijinta, takardu za su nuna ta yi aure kan aure. Kuskuren ɗan cuwa-cuwa ma yakan fito ta nan: yakan buga tambarin Babbar Kotu a kan sakin auren da a masallaci kaɗai aka ɗaura shi, don a ganinsa ya fi kwarjini, alhali masu tantancewa sun san wace kotu ce ke da hurumin wane aure.

Idan an samu takardar gaskiya daga kotun da ta dace, saura tantance ta, kuma wannan tsani ne da ake hawa taki-taki. A karɓi kwafi mai hatimin kotu da sa hannun rajistara, a biya kuɗin a inda gwamnati ta ce, a riƙe rasit. In da Hausa aka rubuta, ko da ajami, ko da Larabci, a kai wa mai fassarar da ƙasar da za a je ta yarda da shi, ya fassara duka har da abin da ke cikin hatimi, ya sa hannu. Wasu ƙasashen suna son lauya mai hatimin shaida, wanda ake kira notari, ya fara dubawa. Daga nan sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, inda ake biya ta Remita zuwa asusun gwamnati. Sannan ofishin jakadancin ƙasar. Wasu, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai an ƙara hatimin ma'aikatarsu ta harkokin waje bayan an isa can. Idan aka tsallake taki ɗaya, ko aka sa na baya a gaba, sai a dawo da mutum farko. Ba kowace ƙasa ce ke buƙatar dukan matakan nan ba, don haka tambayar farko a yi ta ga ofishin da zai karɓi takardar, daga bakinsu ko daga shafinsu na intanet.

Akwai kalmar da dillalai ke ruɗar mutane da ita, wato afostil. Hatimi ne guda ɗaya da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu, ba sai an bi ta ofishin jakadanci ba. Ƙasashe sama da 120 suna ciki. Saudiyya ta shiga a 2022, amma Najeriya ba ta ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai buga wa takardar kotun Najeriya afostil, to ka san da wa kake magana, ka riƙe kuɗinka.

Sannan a san iyakar hatimi. Hatimin ma'aikata yana shaida sa hannu da tambarin da ke kan takarda ne kawai. Ba ya mayar da ƙarya gaskiya, ba ya kuma tilasta wa wata ƙasa ta yarda da sakin. Jamus ta daɗe da daina buga hatiminta a kan takardun Najeriya. A maimakon haka tana sa lauyoyin da ta amince da su su je har kotun su duba kundi, wani lokaci su tambayi dangi da maƙwabta, kuma mai nema ne ke biyan kuɗin binciken. Amurka da Ingila su ma suna da hanyoyin bin diddigi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka ya fi ko'ina ƙurewa, don lambar shari'a ko dai tana cikin kundi ko ba ta ciki.

Ko takardar ta gaskiya ce, kowace ƙasa da ma'auninta. Mazauna Ingila su buɗe kunne da kyau. Dokar iyali ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasar, in ba kotun ƙasar ce ta yi shi ba, ba saki ba ne a wurinsu. Mutumin da ke zaune a Landan ko Manchesta ya ɗaga waya ya saki matarsa da ke Kano ko Zariya, a lissafinsu a Ingila ya furta, don haka auren yana nan. Sakin baki da aka yi a wata ƙasa ba tare da bin wata hukuma ba, shi ma ba sa karɓarsa idan ɗaya daga cikin ma'auratan ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a ƙasarsu. Aure kan aure kuwa laifi ne a can da ɗaurinsa ke iya kai shekara bakwai. A Faransa, inda 'yan'uwanmu na Nijar ke yawan zuwa, kotun ƙoli ta yanke a watan Fabrairun 2004 cewa ba za ta amince da sakin da miji ya yi shi kaɗai a wata ƙasa ba idan matar a Faransa take zaune. Amurka ba ta san mace ta biyu ba, don haka namijin da ya kasa tabbatar da rabuwarsa da ta fari, amaryarsa ba matarsa ba ce a wurinsu.

Kada wani ya ce ai wannan fitinar Turawa ce. A Saudiyya, inda dubban Hausawa ke zaune a Makka da Madina da Jidda, bazawara ba ta samun a rubuta mata sabon aure a hukumance sai ta nuna takardar saki. Tun watan Janairun 2019 kotunan ƙasar ke aika wa mace saƙon waya idan an rubuta sakinta, don kada a sake ta a ɓoye. Addininmu ma ya riga kowa. Suratu Ɗalaƙ ta yi umarni da kafa shaidu biyu adilai, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Idan bashin kuɗi ya cancanci alƙalami da shaidu, ina ga 'yancin mace da nasabar 'ya'yanta?

Yanzu ga abin da mai sayen jabu ke jawo wa kansa. Ingila tana iya hana wanda ta kama da takardar yaudara shiga ƙasarta har shekara 10. Amurka tana ɗora haramci na har abada, wanda yafiyarsa ke da wuyar samu. Cewa "ejan ne ya yi mini" ba kasafai take fitar da mutum ba, don wanda ya sa hannu a fom shi ake tambaya. A gida ma ƙirƙirar takardar kotu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Wanda kuma ya tsallake da farko bai tsira ba. Ranar da ya je neman zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa ana iya buɗe tsohon fayil, bayan ya yi shekaru, ya haifi 'ya'ya, ya kafa gida. Akwai kuma ƙaryar da ta fi sauƙin faɗa, wato a rubuta a fom cewa ba a taɓa aure ba. Takardar haihuwar ɗa ɗaya, ko tsohon fom da aka cike shekarun baya, ya isa ya tona ta, kuma hukuncinta ɗaya da na jabu.

Ɓarnar ba ta tsaya a biza ba. Ɗan cuwa-cuwa ranar da ta zo kansa yake rubutawa. Yana iya sa ranar sakin ta faɗo bayan ranar sabon aure, ko a cikin idda, sai ga takarda a hannun mace tana shaida a kanta da abin da ba ta aikata ba. Mu mabiya mazhabar Malikiyya mun san nauyin aure cikin idda, wanda in an tare yake haramta su ga juna har abada. Irin wannan takarda in ta faɗa hannun mai neman rigima ranar rabon gado, ko ranar jayayya a kan riƙon yara, wuƙa ce aka ba shi. Shi ya sa ko a kotun gaskiya kada a roƙi kowa ya ja rana baya ko gaba. Alƙali yana iya zama yau ya tabbatar da sakin da ya auku shekaru da suka wuce, ya rubuta ranarsa ta ainihi bisa ikirarin miji ko shaidu. Kafin a bar kotun a karanta takardar harafi-harafi. Idan fasfo ya ce Hauwa'u, kada takarda ta ce Hawa. Idan katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, kada ta ce Mamman. A duba ranar haihuwa, a duba ranar Hijira da ta Miladiyya sun dace. Harafi ɗaya yana iya cinye wata shida.

Waɗanda aurensu ya mutu a ƙasar waje kuma, a Sudan ne, ko Masar, ko Saudiyya, ko Turai, kada su hau jirgin dawowa sai da takardar kotun can a hannu, da hatimin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, da na ofishin jakadancinmu in ana buƙata. Abin da za a gama cikin mako guda ana can, yakan gagara shekara guda daga nan.

Ina roƙon maza, don Allah. In zama ya ƙare, a rabu da kyautatawa kamar yadda aka umarce mu, kuma yana daga kyautatawa ka taka zuwa kotu ka tabbatar da sakin da bakinka. Riƙe takarda don a wahalar da mace zalunci ne, kuma uwar 'ya'yanka ce kake ɗaurewa. Iyaye da waliyyai, ranar da 'yarku ta dawo gida da 'yar takarda a hannu, bayan an yi ƙoƙarin sulhu an ga ba dama, ku raka ta wurin alƙali tun mijin yana kusa, tun shaidu suna raye suna tuna rana. Kada ku ce ai ba inda za ta. 'Yar yayata ma ba wanda ya taɓa zaton za ta nemi fasfo. Malamai da limamai, ku sa wannan a huɗuba da wa'azin ɗaurin aure. Shugabannin kotuna, a kori masu jaka daga bakin ƙofa, a manna kuɗin kowace takarda a bango da Hausa, a adana kundi yadda ruwa da gara ba za su ci ba, don ranar da tambaya ta zo daga wata ƙasa a samu amsa.

Wanda kuma ya riga ya sayi irin wannan takarda bai kai ga miƙa ta ba, ya gode wa Allah, kada ya miƙa. Wanda ya riga ya miƙa, ya nemi lauyan da ya san dokar shige da fice ta ƙasar tun kafin su neme shi, kada ya koma wurin wanda ya jefa shi ramin don ya gyara masa da wata ƙaryar.

Ke kuma ƙanwata da ke riƙe da falle ɗaya a ƙasan akwati, ki ciro shi gobe da safe. Ki kira babanki ko yayanki ya raka ki, ki wuce duk wanda ya tare ki a gindin bishiya, ki shiga har gaban rajistara. Zaman da za a ɗage miki sau biyu ko uku ya fi shekara goma a bakin rufaffiyar ƙofa sauƙi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri, ya kare mu daga sharrin masu cin abinci da hawayen mata.